Alhaji Latin, Mai Shafi Ɗaya Gaba

Duk wanda ya yi zaman Guangzhou a shekarun nan da China ta karɓi gasar Olamfik, in dai ya taɓa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Sanyuanli da safe, to ya ga Yaya Lawal. Dogo ne, aljihun gaban kaftaninsa ya saki saboda nauyin littafi, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya kuma yatsa a sama, baki na ta motsi. Baƙo in ya gan shi sai ya ce bawan Allah lazimi yake. Ina! Latin yake haddacewa, harshen Rumawan da, wanda masu shi ma sun daɗe da binne shi. Ku da kuka laƙaba masa Alhaji Latin kun san ban ƙara gishiri ba. In kuwa ka ce masa, "Alhaji, kai da ka bar firamare a aji huɗu ka shiga kasuwa, kai ne malami?" amsarsa ɗaya ce, ba ta canzawa: "Malami ai wanda ya riga ka da shafi ɗaya ne. Ni kuwa kullum ina shafi ɗaya gaba."

Ni ne Sani, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ne na fi kowa yi masa dariya a kan wannan abu. Shi ya sa nake ganin ni ya kamata in faɗi yadda aka yi.

Da ya ga zaman China ya miƙe masa, sai ya ɗauko iyalinsa: matarsa Anti Rabi, da 'yarsu Ummi wadda ta ci sunan mahaifiyarmu, da ƙaninta Kabiru. Nan aka yi cirko-cirko. Makarantar Turawa ta fi ƙarfin ɗan kasuwa irinmu, ta 'yan ƙasa kuma yara ba sa jin ko "zo in kashe ka". Kowa ya ce ya mai da su Kano. Ya ce, "Na haife su ne don wayar tarho ta rene su?" Ana cikin haka ya ji labarin wata Baturiya za ta koma ƙasarsu, wadda ita ma a gida take koyar da 'ya'yanta. Ya je ya saye littattafanta kaf, kwali uku.

Anti Rabi, da yake ta yi makarantar horon malamai, ta zauna tana warewa: ga lissafi, ga Turanci, ga kimiyya. Ta ture wasu gefe.

Ya ce, "Waɗancan fa?"

Ta ce, "Na zubarwa ne, Alhaji. Latin ne da tsoffin labaransu. Ba mai magana da shi yanzu, harshen ya mutu."

"Da su aka sayar mini da kwalin?"

"Da su."

"To wallahi sai mun karanta su. Abin da aka saya ba a zubarwa. In ma ya mutu, ai gawa tana da hakki!"

Kun ji mafarin abin. Littafin yana bayanin Latin da Turanci, shi kuwa Yaya Turancinsa na ciniki ne, bai wuce "nawa" da "rage" ba. Sai ya zama Anti Rabi ta fassara masa darasin gobe da Hausa kafin ya fita kasuwa, shi ya ɗauka ya yi ta bita a jirgi da cikin rumfunan kasuwar Shisanhang, washegari da hantsi ya zaunar da yara ya koya musu kamar da shi aka haife shi. Tsoffin labaran kuwa, ita ke karantawa a fili, shi yana katse ta yana faɗa da mutanen ciki. "Tsaya, Rabi! Wannan mutumin shekara da shekaru yana yawo a teku, ko saƙo bai aika gida ba? Wannan ba jarumi ba ne, marar tunani ne." In aka zo kan gumakansu sai ya juya ga yara: "Ku ji, amma kada ku ɗauka. Waɗannan allolin nasu, dillalan kasuwa ma sun fi su riƙon amana."

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Yaya ɗan makarantar zaure ne, kuma a zaure an san ba a ɗaukar littafi sai daga bakin malami. Wanda ya karanta shi kaɗai, ko ya haddace, bai karanta ba. Ya shiga neman malamin Latin a Guangzhou. Duk Baturen da ya gani sai ya tare shi. Wata rana, a gabana, ya damƙe wani ɗan Italiya mai sayen tayil, ya zuba masa jimla uku ba numfashi. Mutumin ya dafe aljihunsa, ya ɗauka ɓarayi ne suka zo da sabon salo. Da na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce shi tun yana yaro ya manta abin nan. Yaya ya girgiza kai. "Sani, ka gani ko? Jikokin masu abu ke nan. Sun bar gadon kakanninsu a hannun Bakano."

Ashe malamin yana kusa da gida. A wani lambun shaƙatawa da Yaya ke ratsawa, kowace bishiya an liƙa mata ɗan allo da sunanta, da rubutun China, a ƙasa kuma da Latin. Yaya ya ga haka ya kusa yin kabbara. Ya riƙa bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunayensu da ƙarfi, har wani tsoho da ke zaune a benci ya gaji da jin ɓarna, ya taso ya gyara masa. Sunansa Liang, tsohon malamin ilimin tsirrai ne da ya yi ritaya. Latin ɗinsa duk bai wuce na itatuwa da ganyayyaki ba, amma Yaya ya ce an samu. Ranar Asabar ya koma da dabino a ƙunshe, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa gaban bencin, ya buɗe littafi. Tsohon ya tsorata, ya yi ta jan hannunsa yana nuna masa benci. Yaya ya ƙi. "Sani, gaya masa a wurinmu ɗalibi ba ya haɗa kujera da malami." Ni da ba na jin yarensu sai na ciniki, me zan ce? Daga ƙarshe tsohon ya sauko shi ma ya zauna a ƙasa. Haka suka yi ta yi duk Asabar, dattawa biyu a kan ciyawa, benci babu kowa.

To, a shekarar gasar Olamfik abubuwa suka yi tsanani. Biza ta yi wuya, ana ta binciken takardu, wasu 'yan uwanmu suka tattara suka koma. Ni ina Kano lokacin, ina shirin zuwa sayayya. Hajiya mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "An ce takwarata shekararta goma sha uku ba ta taɓa sa kayan makaranta ba a can. An ce ubanta yana koya mata yaren matattu. Ka je ka gani da idonka. In gaskiya ne, ka taho mini da yaran duka biyu, na gaya masa." Kun san Yaya da taurin kai, amma bai taɓa tsallake maganar Hajiya ba. Abin da na faɗa, shi za a yi. Ni kuwa, Allah ya sani, tun a jirgi na riga na yanke hukunci: yara za su koma.

Washegarin saukata na zauna a falo na ga makarantar. Kabiru yana lissafi da uwarsa, kuma yaron ya iya, ba laifi. Yaya ya gyara zama, ya buɗe littafin Latin daidai tsakiya, ya ce, "Uwata, karanta." Ummi ta karanta, ta fassara da Hausa, ta zo wani wuri ta yi tuntuɓe. Fuskar Yaya ta washe. "A'a, a'a! Ba haka ba ne." Ya gyara mata yana satar kallona. Ta ce, "Na gode, Baba." Na ce a raina, shekara uku ana abu ɗaya, har yanzu ana tsakiyar littafi ana tuntuɓe.

Da ya fita kasuwa, na shiga kicin neman ruwan zafi, sai na tarar da Ummi da uwarta sun haɗa kai a kan wani littafi mai kauri, ba hoto ko ɗaya. Suka yi wuf za su ɓoye. Na ce, "Anti, me ake rufewa haka? Ko kin fara tsafi ne?"

Ta harare ni. "Tsafin gidanku. Rufe ƙofar."

Ta ce wancan littafin da na gani da safe, ita da Ummi sun sauke shi tun bara. Sun gama na biyu, wannan shi ne na uku, suna karanta tsoffin labaran da asalin harshensu. Na ce, "To tuntuɓen da ta yi ɗazu fa?"

Ummi ta sunkuyar da kai. "Baffa, kullum nakan zaɓi wuri ɗaya in yi kuskure. In ba abin da zai gyara, me zai koya mini? Don Allah kada ka gaya masa."

Na koma falo na zauna. Ga shi zan iya ceton yaran daga komawa da magana ɗaya, amma maganar za ta tona cewa malamin yana bayan ɗalibarsa. Kwana uku ina juya abin.

Ranar Juma'a, bayan mun fito daga Masallacin Huaisheng, Yaya ya ce mu taka da ƙafa. Muka ɗan yi nisa. Can ya ce, "Ka ga na kicin ɗin ko?"

Na tsaya cak. "Yaya, ka sani?"

"Sani, ni ɗan kasuwa ne. Na san kayan da aka taɓa. Kwalin nan ni na saye shi, na san littafin da ya bar wurinsa." Ya yi 'yar dariya. "Kuma kuskuren nata ya cika tsabta. Mai kuskure na gaske ba ya zaɓar wurin da ubansa ya fi iyawa."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa in ɓata mata karatu? Latin ta wuce ni, na sallama. Amma kullum da safe tana koyon wani abu da ba ya cikin kwali uku: yadda ake rufa wa uba asiri. Wannan darasin ba zan katse shi ba." Sannan ya ce, "Ka gaya wa Hajiya gaskiya duka. In za a yi dariya, a yi mini. Kada dai a raba ni da su."

Ban taɓa jin Yaya ya roƙi wani abu ba sai ranar. Na kira Hajiya da yamma na zayyana mata komai, har da na kicin. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Yarinyar da ta iya wannan, wace makaranta ce za ta ƙara mata? Ka bar mini takwarata wurin ubanta. Shi kuma ka ce masa ya ƙara ƙwazo, kada ya ba ni kunya."

Sun ƙara shekara biyu a can, sannan suka dawo Kano gaba ɗayansu, ba wanda aka bari a baya. Ummi yanzu ita ke koyar da ɗalibai ilimin haɗa magunguna, kuma ta ce sunayen tsirrai na Latin da ke sa abokanta kuka, ita tun tana bin ubanta lambun Malam Liang ta san su.

Yaya bai taɓa sauke littafin nan na farko ba. Har zuwa rasuwarsa, duk Asabar Ummi takan zo gida ya biya mata karatu a cikinsa. Da muka zo kwashe kayansa bayan sadakar bakwai, na same shi a aljihun kaftani, duk ya yi laushi, da tsinken sakace a inda ya tsaya. Na miƙa wa Ummi. Ta buɗe, ta duba, ta ce, "Baffa, a nan na shirya yin kuskure in na zo ranar Asabar." Ta mai da tsinken inda yake, ta rufe littafin.

Yaya, yau kam ba gardama, ka riga mu da shafi ɗaya, shafin da kowannenmu zai karanta. Allah ya sa ka same shi da sauƙi. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda 'yarka ta rufa maka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da iyalinka a inda ba a raba uba da 'ya'yansa. Amin.