Ranar da Inna Ta Sirka Ruwan Jegona

Shekarun baya can, tun Turawa na ƙasar nan, na yi haihuwar fari, aka mai da ni gidanmu a Tudun Wada wankan jego. Mahaifiyata kuwa ta yi suna a harkar. Har daga Gyallesu ake zuwa roƙonta ta yi wa masu jego wanka, don an ce duk wadda ta bi ta hannunta sanyi ba ya kama ta.

To ga 'yar cikinta ta zo hannu. Safe da yamma sai ta cika babbar tukunya, ta hura mata itace har ruwan ya tafasa, ta tsoma ganyen runhu ta dinga fyaɗa mini a jiki. Ina ihu tana cewa, "Ke, rufe mini baki, raguwa kawai!" Kuma ba ta yi mini ƙarya ba, raguwar ce ni. In an gama a kwantar da ni a gadon ƙasa mai garwashi a ƙarƙashi, a miƙo mini ƙwaryar kunun kanwa, a tsaya a kaina sai na shanye.

Wajen sati uku ƙafafuna suka kumbura, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na tsaya na huta, numfashi yana neman gagarata. Inna ta duba ta ce sanyi ne ya shige ni, kuma laifinta ne da take tausaya mini. Sai ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Ni kuma na ƙara kumbura.

Muna da wata maƙwabciya 'yar Ibo mai aikin jinya. Ta shigo ganin jaririya, amma ni ta tsaya kallo. Ta ce, "Inna, wannan ba sanyi ba ne. A kai ta asibiti yau, kada a bari sai gobe." Inna ta ɗaure fuska, amma mahaifina ya ji daga zaure, ya ce a shirya ni.

Kwanana tara a can. Likita ya ce zuciyata ce ta gaji, zafin ruwan da na gadon da kanwar sun yi mata yawa. Ya ce in aka ci gaba, jaririyar nan za ta tashi babu uwa. Ruwa mai ɗumi kaɗai ya yarda da shi. Inna tana tsaye aka fassara mata, sannan muka dawo gida.

Washegari na ga ta hura wutar nan kamar kullum, har ma ta fi, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Matan unguwa suna leƙowa suna cewa, "Sannu da aiki, Inna, haka ake so." Da muka shiga banɗaki sai na tarar da tulu biyu na ruwan sanyi da ta ɓoye a bayan tabarma. Ta sirka, ta taɓa da bayan hannu, ta sake sirkawa. Ta ce, "In kin ji na ɗaga ganye, ki yi ihunki yadda kika saba."

Na kuwa yi ihu, har na wuce gona da iri, ta ce in rage kada a zo ceto. Dariya ta kama ni. Da na waiwayo sai na ga hawaye a fuskarta. Ni 'yar fari ce, kunyata take ji, ko sunana ba ta faɗa, balle ta yi kuka a gabana. Ta ce, "Da hannuna na so in kashe ki." Na ce, "Haba Inna." Ta ce, "Juya bayanki."

Haka muka cika arba'in, wuta tana ci a waje, ni ina wanka da ruwan da ko jaririya za a iya tsomawa. Bayan nan duk wanda ya zo kiranta wankan jego sai ta ce ƙugunta ya hana ta, alhali ƙugun nan lafiyarsa ƙalau, da shi take daka.

A lokacin na ɗauka tsoron bakin mutane ne kawai ya sa ta wasan hayaƙin. Sai da na manyanta na gane abin da ta ajiye saboda ni: sana'arta, da sunanta, da abin da uwarta ta koya mata. Har ta rasu ba mu sake tayar da zancen ba. Ina sonta ƙwarai, kuma abin da ke damuna har yau shi ne ban taɓa ce mata na gode ba. Allah Ya jiƙan Inna.