Taurari Uku da Na Baro a Catford

Sallar asuba kawai muka idar muka kama hanya, ni da maiɗakina, wata Laraba cikin damina. Direban da ya ɗauke mu daga Kano zuwa Abuja mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, ba ya ganin rami a titi ya wuce bai gaisa da shi ba. A Tashar Yari muka tsaya shan shayi, mai shayin ya zuba mini madara kamar da shi aka haɗa kuɗin saniyar. Muka kwana a Abuja, washegari da safe muka hau jirgin Landan.

Dalilin tafiyar da kowa ya sani shi ne gayyatar aminina. Tare muka tashi a unguwa ɗaya, benci ɗaya muka zauna a firamare. Yau shekara ashirin da wani abu yana Landan, yana aikin haɗa magunguna a wani babban asibiti a Camberwell, kuma 'yarsa ta fari ce ta gama jami'a. Amma ku da kuke bin wannan shafi kun san akwai dalili na biyu, domin kun gaji da ganin hotunan tsofaffin kuɗi da nake sa muku.

Cutar ta samo asali ne daga kwabo mai huji na kakata, wanda ke da tauraro a jikinsa. Daga shi na shiga tara anini da sisi da sule, har na gangara kan kuɗin Rumawa. A gida ina da guda tara a cikin gwangwanin alewa, kuma duk masu alamar sama nake nema: wannan da rana, wancan da tauraro, wani da mace riƙe da rana a hannu ɗaya, wata a ɗayan. Su Rumawa sun duba sun ga komai na ƙasa yana ƙarewa, rana da wata kuwa kullum suna nan, sai suka riƙa buga su a kuɗinsu don su ce mulkinsu ma haka zai dawwama. Mu dai mun san dawwama ta Allah ce, ga shi kuwa mulkin ya ƙare a gwangwanin alewata. Ɗaya ne ya gagare ni shekara da shekaru: kwabon tagulla da wani sarkinsu ya buga bayan matarsa ta mutu, fuskarta a gaba, a baya jinjirin wata da taurari bakwai. Wasu na cewa kaza da 'ya'yanta ce aka zana, wasu na cewa wasu taurarin ne daban. An ce mini za a yi kasuwar tsofaffin kuɗi a Landan a wannan makon, ni kuwa na ƙudura ba zan dawo ba sai da shi.

Da la'asar muka sauka, aminina na tsaye yana jiranmu, ya yi ƙiba, ya yi fari, furfurarsa ma ta fi tawa tsari. Muna gama rungumar juna ya ce, "Mutumina, na yi booking ɗin mota amma an yi cancel, sai dai mu bi tube." Haka muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da akwatunanmu masu warin daddawa. Mutum ɗari a tarago, babu mai ce wa wani sannu, kowa ya kafa wa wayarsa ido. Robar ruwa ƙarama fam biyu. Na fara juya kuɗin zuwa naira a kaina, maiɗakina ta ce in ban daina ba ƙishirwa ce za ta kashe mu a ƙasar mutane.

Gidansa a Catford ba wani babba ba ne, falona na Kano zai haɗiye nasa biyu. To amma komai na ciki yana aiki. Ka murɗa famfo ruwan zafi ya zo, wuta ba ta ko ƙifta ido, a baya ga ɗan lambu har da bishiyar tuffa. Na tsaya ina kallo, sai na tuna wannan mutumin ni yake leƙa wa lissafi a aji huɗu. Na ce masha Allah, amma gaskiya ba ta wuce maƙogwarona ba. Ban ji daɗin kaina ba, kuma ban fasa jin abin da nake ji ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya kai mu wajen wata 'yar Gana mai sayar da shinkafa da wake irin nasu, da wani baƙin yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta dubi maiɗakina ta ce mini, "Alhaji, mata naka ya iya cin yaji kuwa?" Maiɗakina ta yi dariya har ta ƙware. Fam tara faranti, kuma wallahi ya ci kuɗinsa.

Asabar da safe muka tafi kasuwar, ni da shi kawai. A zauren wani otal ake yi a tsakiyar gari, ana biyan fam biyar a ƙofa. Na zaci zan tarar da hayaniya irin ta kasuwa, sai na tarar da tsofaffin Turawa sun sunkuya a kan tebura da gilashin ƙara girma, shiru kamar ana zaman makoki. Aminina bai san komai a harkar ba, rakiya kawai ya yi. Yana ta hamma yana tambayata wai mutum da hankalinsa zai ba da kuɗi mai amfani ya karɓi wanda ba ya sayen ko ashana.

A tebur na goma sha wani abu na gan shi. Wani dattijo mai rawar hannu ya zaro shi daga 'yar ambulan ya ɗora mini a tafi. Kore ne mai duhu kamar miyar kuka, santsi, ba tabo. Ga matar da gashinta a naɗe, na juya, ga wata, ga taurari, na ƙirga su bakwai cif. Wannan koren, jama'a, ba datti ba ne. Ƙasa ce ta yi kusan shekara dubu biyu tana lulluɓe tagullar da shi, kuma sau da yawa shi ne yake riƙe da zanen. Duk mai tara kuɗin da ya san abin da yake yi ba ya goge shi, abu na farko ke nan da ake koya maka. 

Ya ce fam ɗari da tamanin. Kuɗin na aljihuna, tun Kano na ware su. Amma shekara talatin ina sayar da atamfa a kasuwar Kwari, a ce in biya farashin farko? Na taɓe baki, na juya kwabon kamar na ga aibi, na taya tamanin. Dattijon ya yi murmushi, ya rage fam goma, ya ce iyakarsa ke nan. Sai na yi abin da muka gada: na ajiye, na yi godiya, na juya a hankali na fara tafiya. A Kwari kafin taku na biyar za ka ji an ce, "Zo mana Alhaji, kawo kuɗin." Na yi taku biyar, shiru. Na yi goma. Na rage sauri har wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni. Sai da na kai ƙofar banɗaki, na waiga, na ga mutumin ya buɗe jarida.

Girman kai ya hana ni komawa nan take. Na zagaya zauren, na sha wani shayi mai kama da ruwan wanki, na ba shi lokaci ya yi nadama. Da na dawo ya ɗago kai ya ce an saya. Na juya na nemo aminina muka fita.

A jirgin ƙasa na komawa Catford ina zaune na yi tagumi, sai aminina ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da 'yar ambulan. Ya ce, "Ka ga abin da na yi picking. Na ga kana ta jujjuya shi, na ce lallai akwai magana a ciki." Yana dariya. Ni ma na buɗe haƙora, amma yaƙe ne kawai. Gida ya fi ni, aiki ya fi ni, 'yarsa ta gama jami'a a Ingila, duk na haƙura. Abu ɗaya da nake da shi wanda ba shi da shi, wanda na yi shekaru ina karatu a kai, shi ma ya sa hannu ya ɗauke cikin minti biyar, kuma ko sunan matar da ke jiki bai sani ba. Da na ce ya sayar mini da ya ba ni, na sani. Bakina ne ya ƙi.

Lahadi da hantsi na shiga kicin neman ruwan zafi, na same shi tsaye gaban famfo. Ga kwabon a kan faranti, ga lemun tsami an raba biyu, ga gishiri, ga soson waya. Ya ce, "Yawwa, gwani ya zo. Ka tuna yadda Inna take goge farantin tagullarta da tsamiya da toka har ka ga fuskarka? Nan ba toka. Wannan zai fitar da koren dattin nan ko?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da ceton kwabon nan. Na san abin da tsami yake yi wa tsohuwar tagulla kamar yadda na san sunana. Na dubi taurarin, na dube shi, wani abu a raina ya ce, in ba naka ba ne, ina ruwanka da kyansa? Na zuba ruwana a kofi na ce, "Ai kayanka ne." Na fita lambu na zauna ƙarƙashin tuffar. Ta taga ina jin ƙarar soson, ƙarr, ƙarr, shi kuma yana 'yar waƙarsa. Shayin nan ban iya shanye shi ba.

Sauran kwanakin sun wuce yadda ya kamata. Aka yi bikin yarinyar, ta sa doguwar riga da hula mai tuntu, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, uban yana share hawaye. Muka hau jar bas mai bene, muka ga kogi da babban agogo, maiɗakina ta sayi takalman da har yau ban ji farashinsu na gaskiya ba. Mun leƙa Croydon gaida wasu 'yan uwanta, muka hau wani jirgi da ke bin tsakiyar titi tare da motoci. Maganar kwabo ba ta sake tasowa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar komawa ya raka mu har bakin inda ake tsayar da masu rakiya. Mun yi sallama, na juya, sai ya riƙo hannuna ya danƙa mini wani ɗan akwati mai shuɗin ƙyalle. Ya ce, "Kai da wayonka, ka zaci ni zan tara kuɗin matattu? Tun da na ga ka taho da cinikin Kwari na san za ka yi missing ɗinsa. Na so in gyara maka shi ne tukuna, ba na ba ka abu da datti ba. Yatsuna har sun yi ciwo."

Na buɗe. Ja wur yake ƙyalli, kamar yau aka buga shi. Fuskar matar ta zama ƙuraje, hancin ya tafi. Na juya baya: watan yana nan da ƙyar, taurari kuwa na ƙirga, na sake ƙirgawa, huɗu. Ukun sun bi ruwan famfon Catford. Shi kuma yana tsaye yana kallon fuskata, yana jira ya ga murna. Na rungume shi don kada ya ga idona, na ce Allah ya bar zumunci. Ya ce amin, har da bubbuga bayana.

Muka yi awa shida a sama. Da muka kusa sauka na ba maiɗakina labarin tun daga kicin. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ai an ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere." Ta mayar da kanta jikin taga.

Mun iso Kano lafiya, mun tarar da yara lafiya, an ɗauke wuta kamar yadda muka bar ta. Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. In za ku Landan ku tafi da rigar sanyi ko da lokacin zafinsu ne, kada ku juya fam zuwa naira a kan ruwan sha, kuma Bature ba ya kiran mai ciniki in ya juya baya. Sauran darasin yana cikin gwangwanin alewa, na goma a jere, shi kaɗai ne ja a cikin koraye. Ba zan nemi wani mai taurari bakwai ba ko da an kawo shi har ƙofar shagona.

Sau biyu aminina ya kira yana tambaya ko kwabon na nan yana ƙyalli, sau biyu ina cewa yana nan. Yana cikin masu karanta wannan shafi, kullum shi ne na farkon danna alama. Mutumina, na kasa faɗa maka a waya, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Ran nan a kicin na san amsar tambayarka. Kai soso kawai ka riƙe, taurarin nan uku ni na goge su. Ka yafe mini.