Gonar da Kawu Ya Ara Mata

Mai Juji ake ce mata, kuma ba don yabo ba. Matan layinsu ne suka laƙaba mata sunan tun da suka fara ganinta tana tura baro cike da sharar kasuwa, ƙudaje na yi mata rakiya. Shara ce aikinta: ita ke share ɓangaren masu kayan miya da na masu kaji bayan kasuwa ta tashi. Mijinta mai faci ne a bakin titi, mutum mai sanyin hali wanda ko taya ce ta faɗo masa a ƙafa sai ya ba ta haƙuri. Ɗaki biyu suke haya da 'ya'yansu, buhun masara kuwa ba ya ganin ƙarshen wata a gidan.

Shi ya sa ta wanke ƙafa ta je wurin kawunta, ƙanen mahaifiyarta, mai shagon siminti da filaye a bayan gari. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi ya ara mata inda za ta ɗan yi shuka. Kawu bai ja zance ba, don abin da ya ba ta ko akuya ba ta tsayawa a kai. Faƙo ne ja wur, mai tauri kamar daɓen ɗaki, ruwan sama ya tsaga shi biyu. Ya ce ta yi ta nomawa har ta gaji, ai ita da 'ya'yan cikinsa duk ɗaya ne. A gaban mutane ya faɗa, yana sakace, aka yi ta sa masa albarka.

Daminar farko ta sha kunya. Fartanya ta ƙi shiga, ruwa ya kwashe irin, abin da ya tsira kuma ya tsaya iya gwiwa ya yi rawaya. Abin da ta girbe a ƙaramin kwando ta ɗauko shi, ta rufe da zani don kada maƙwabta su gani.

A ranin da ya biyo ne wani malamin gona ya fara tara mutane a barandar makarantar firamare. Maza sun cika wurin ranar farko, don an ce za a raba takin zamani. Da suka ji babu abin rabo sai magana, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ita ta zauna. Malamin ya cika faranti biyu da ƙasa, ya bar ɗaya tsirara, ya rufe ɗaya da busasshen ganye, ya karkata su ya zuba ruwa. Na tsirarar ya gangaro ja, ya tafi da rabin ƙasar. Na rufaffiyar ya nutse. Ya ce ƙasa rai gare ta, tana ci, tana jin ƙishi, rana tana ƙona ta. A daina ƙona kara, a sa wake tsakanin masara, kututturen da ya yi toho a bar shi ya tashi. Tana zaune tana ta tunanin tulin kashin kaji da ruɓaɓɓen ganyen da take sharewa kullum ta kai bola.

Daga nan ta zama abin kallo. Ta haƙa ramuka a gefen gonar tana zuba sharar kasuwa, bayan ta zauna ta tsince leda da kwalba da hannu. Ta roƙi toka a gidan burodi. Ta yi ta ɗauko duwatsu a ka tana jerawa a gicciye don su tare gudun ruwa. Masu sayen kara suka zo da mota, ta ce ba na sayarwa ba ne, suka tafi suna cewa matar nan ba ta da cikakken hankali. Tayar baron ta sha faci har mijin ya ce babu sauran wurin liƙi. Tafin hannunta ya tsage, bayanta ya riƙe, 'ya'yanta suka sha tsokana a makaranta. Kawu kuwa ko sau ɗaya bai leƙo ba.

Ba a shekara ɗaya ba, ba a biyu ba, ƙasar ta fara sauya launi. Ta yi duhu, ta yi laushi, in ka damƙa ta dunƙule sannan ta warware. Tsagar nan ta cike. Itatuwan da ta bari suka wuce kanta. Wata damina ruwa ya ɗauke a tsakiya, masarar maƙwabta ta naɗe ganye, tata tana tsaye shar. A shekarar ne yaranta suka fara cin abinci ba tare da ta tsaya tana auna ludayi ba. Ta so gonar nan so na gaske, har takan zauna a gindin itace bayan ta gama aiki don kawai ba ta son tafiya.

Malamin gona mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya ja mata. Murna ta hana shi yin shiru. Ya kwaso manoma mota guda ya kawo su gonar, ya kafa shebur ya juyo ƙasa, tsutsotsi suna motsi a ciki, ya sa kowa ya sansana. Aka yi ta tafi. Kawu ma ya zo, don ya ji ana ambaton filinsa a gari. Yayin da kowa ke kallon masara, shi iyaka yake bi, hannu a baya, yana takawa a hankali. Ta gan shi, ta gane auna filin yake yi.

Ko gama sussuka ba ta yi ba ya aika a kira ta. Ta same shi a shago a kan kujerar roba, buhunan siminti a bayansa. Ya tambayi yara, ya tambayi mai gida, ya yaba ƙoƙarinta. Sannan ya ce babban ɗansa ya gama karatu babu aiki, kuma yana sha'awar noma.

"Kawu, faƙo ka ba ni."

"To, aro na ba ki ko kyauta?"

"Ka ce in noma har in gaji. Ban gaji ba."

Ya murje ido ya ce ai ta ci amfaninta, ko ƙwaya bai taɓa karɓa ba, kuma kada ta manta da wa take magana. Daga nan ya sassauta murya, ya ce akwai wani fili nasa can gaba da kwatar fasa dutse, shi ma ba ya yin komai, tunda Allah Ya ba ta hannu sai ta je ta gyara shi. Wannan maganar ce ta fi ƙona mata rai. Wato ya mayar da ita jakar kai taki: ta raya, ya karɓe, ya tura ta gaba. Ta tashi ta fita ko sallama ba ta yi masa ba.

Sai aka shiga yi mata nasiha, kamar ita ce ta yi laifin. Yayarta ta ce kada ta ɓata zumunci a kan ƙasa. Mijinta ya ce Allah Yana gani. Mai unguwa ya saurare ta sosai, ya girgiza kai, ya ce gaskiya an zalunce ta, amma fili na mai shi ne. Duk cikinsu babu wanda ya taka ya je ya ce wa kawu bai kyauta ba. Malamin gona kaɗai ya je, aka ba shi ruwan sanyi, aka roƙe shi ya riƙa leƙa yaron yana ba shi shawara.

Wata safiya ta ɗauki gatari da baro ta nufi gonar, da niyyar ta sare itatuwan, ta kwashe takin, ta watsar da duwatsun, ta mayar masa da abinsa yadda ya ba ta. Ta ɗaga gatarin a gindin itacen farko, hannunta ya ƙi. Ta zauna ta yi kukanta ta ƙoshi, ta turo baron gida ba komai a ciki. Ashe ma ba sai ta wahalar da kanta ba. Ɗan kawu ya ce itatuwan suna hana tarakta juyawa, ya sa aka tumɓuke su, ya cinna wa ramukan wuta don suna wari.

Yunwa ba ta jiran mutum ya huce, sai ta sake aron wani ɗan fili wurin mai kemis na layinsu. Can malamin gona ya same ta bayan girbi, ya zo roƙon ta koya wa wasu mata haɗa taki. Ya tarar tana ɗora wa masu sayen kara dami a mota, ta share filin tas, ko tsinke ba ta bari ba. Ya matso kusa da ita ya ce:

"Inna, ke da kanki? Ƙasar nan mutuwa za ta yi."

"Na sani, malam. Kai ka koya mini."

"To, me ya sa?"

"In ta rayu, mai ita zai tuna da ita. Matan da kake so in koya wa, ka fara tambayarsu filin na wane ne."

Ta sunkuya ta ɗauki wani damin. Har yau tana noma filin mai kemis, tana ba filin daidai abin da zai hana shi ƙin haihuwa, ba ta ƙara ko tafi ɗaya. Masarar ba ta kai su rani, yara sun koma kallon ludayi. Amma har yanzu babu wanda ya ce yana son filinsa.