Minti Biyun Yaya Mamman

Ƙarfe huɗu da minti biyu na yamma ne, ranar Asabar ta ƙarshe a watan Fabrairu, shekarar da na cika sha ɗaya. Na san lokacin daidai domin agogon a wuyana yake rataye, kuma da bakina na faɗe shi. Ina tsaye a bakin ƙofar wani tsohon filin wasa da ke gabashin garin Greensboro a Amurka, cikin rigar sanyin Mama da ta yi mini yawa, yatsana ɗaya a tsakiyar littafin da nake karantawa don kada shafin ya ɓace mini. An yi yayyafi da safe, ciyawa ta jiƙe, matakalar simintin da 'yan kallo ke zama tana ta sheƙi. 'Yan wasa sun riga sun jeru da hulunan kwanonsu sa'ad da Yaya Mamman ya shigo da gudu. Baba, wanda shi ne kocinsu, bai dube shi ba. Ni ya duba. "Uwata, ƙarfe nawa?" Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na ce, "Huɗu da minti biyu, Baba." Abin da ban ce ba shi ne, tun huɗu saura minti goma na ga motar Yaya Mamman ta tsaya. Na ga ya yi alwala da ruwan gora, ya shimfiɗa rigar aikinsa a kan kwalta ya ta da sallar la'asar, domin ya san ba za a tashi daga atisaye ba sai rana ta faɗi.

Daga Zariya Baba ya zo ƙasar nan karatu, da ƙafar da ta saba da ƙwallon gida. Bai taɓa ganin ƙwallon Amurka ba, wannan mai siffar ƙwai da ake rungumewa ana karo da juna kamar raguna. Wata rana kocin kwalejinsu ya gan shi yana dukan ƙwallo a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, sai ya ɗauke shi ya zama mai bugun ƙafa na ƙungiyar. Wannan kocin, da ba a kiransa komai a gidanmu sai Tsoho, ya mutu kafin a haife ni, amma na tashi ina ganinsa kamar ɗaya daga cikin kakannina. Hotonsa yana falo. Usur ɗinsa da agogon da yake auna gudu da shi, duk ya bar wa Baba. Ya kuma bar masa doka guda: duk minti ɗaya da ɗan wasa ya makara, zai hau matakalar 'yan kallo ya sauko sau goma, sauran kuma su miƙe hannu gaba riƙe da hular kwano, babu mai saukewa sai ya gama. Baba yana cewa hikimar ba a gudun take ba, a hannayen take. "Idan kafaɗar abokanka ta yi tsami saboda kai," in ji shi, "ba sai na sake yi maka magana ba."

Gidanmu ma a kan agogon nan yake tafiya. Akwai lokacin fitar da shara, da lokacin share ganyen da bishiyar maƙwabta ke zubo mana, da lokacin hadda bayan asuba. Mama ta mai da bayan gida gona, ta yi ta fama da jar ƙasar nan mai tauri har ta karɓi kuɓewa da yakuwa da alayyahu, kuma ban ruwan yamma aikina ne. Yaran layinmu suna tsallen igiya da zanen 'yar gala-gala da alli a bakin titi, su kira ni in leƙo ta taga in girgiza kai. Na fi son in kwanta a ƙarƙashin teburin cin abinci da littattafan da nake arowa a laburare duk ranar Laraba. A makaranta ban cika ɗaga hannu ba ko da na san amsa, amma ban taɓa kai aikin gida da kuskure ba. Baba ya lura da wannan. Shi ya sa ya ba ni agogon Tsoho in riƙa bin sa fili ranar Asabar, ya ce ni kaɗai ya sani da ba ta ƙari ba ta ragi. Ban taɓa jin daɗin wani yabo kamar wannan ba.

Shekaru da yawa Baba yana horar da 'yan sakandare, kuma dokar Tsoho ta yi masa aiki. Yara marasa ji sun shiga hannunsa sun fito da takardar shiga jami'a. Iyaye mata suna tare shi a kanti suna yi masa godiya. A cikin yaran nan babu kamar Mamman, ɗan wata Hajiya mutuniyar Maraɗi, ƙawar Mama. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, don haka a gidanmu yake cin tuwon Lahadi, a kujerar da ke hannun daman Baba. Shi ya koya mini hawan keke, yana bina a guje yana cewa, "Ummi, duba gaba, daina karanta ƙasa!" Ya yi wasa a jami'a, ya gwada sa'arsa a manyan ƙungiyoyi ba su riƙe shi ba, ya dawo gari da mata da jaririya da gwiwar dama da aka taɓa yi wa aiki. Yana da shekara ashirin da bakwai, yana lodin kaya a wani babban sito daga asuba zuwa ƙarfe uku.

A wannan shekarar ne aka ba Baba wata ƙaramar ƙungiya ta ƙwararru, irin waɗanda ake biyansu su yi wasa amma kowa yana da wani aikin a gefe. Yaya Mamman ne ya fara sa hannu, don Baba. An kuma ce a watan Afrilu wani mai zaɓar 'yan wasa daga babbar ƙungiya zai zo ya duba shi, kuma kowa ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Na tuna Mama tana tsinke yakuwa ta ce, "Malam, waɗannan fa magidanta ne, ba 'yan makarantarka ba." Baba ya ce gwiwar hannu da agogo ba su san mai gemu ba. Mama ta ci gaba da tsinke yakuwarta.

To, da na faɗi lokaci, Baba ya nuna matakala da haɓa. "Ashirin." Ya busa usur, hannaye suka miƙe da huluna. Yaya Mamman ya tsaya kamar na daƙiƙa biyu. Goshinsa akwai ɗan yashin kwalta, ina ganinsa daga inda nake. Ba a tarbiyyantar da shi ya mayar wa wanda ya ci tuwonsa magana a gaban jama'a ba, kuma na gane daga baya cewa ba irin mutumin da zai riƙe sallarsa a gaba kamar garkuwa ba ne. Ya ce, "To, Baba," ya juya. Ni kuwa na san abin da ya tsayar da shi. Amma idanun ƙartin nan duka suna wajenmu, kuma lokaci aka tambaye ni, ba dalili ba. Na gaya wa kaina na amsa abin da aka tambaya, ba ƙari ba ragi. Sai na fara ƙirga masa hawa da sauka, domin wannan ma aikina ne.

A hawa na shida wani ƙato mai suna Marcus, wanda ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, ya sauke hannunsa ya ajiye hular a ciyawa. Da Turanci ya yi magana, ba tare da ɗaga murya ba. "Koci, 'ya'yana uku. Tun ƙarfe biyar na safe nake ɗaga akwatuna. Ba zan tsaya ina riƙe hula kamar wanda malama ta kama da cingam ba." Wani ya yi dariya. Baba ya busa usur, ya sake busawa. Ɗaya bayan ɗaya huluna suka sauka ƙasa. Yaran sakandare idan kafaɗarsu ta yi tsami, wanda ya makara suke harara. Waɗannan Baba suka tsaya suna kallo. Marcus ya ɗaga murya ya ce wa Yaya Mamman ya sauko haka nan, ya isa. Bai sauko ba. A duk filin nan mutum biyu ne kawai suka rage suna bin dokar Tsoho, shi da ni. A saukowa ta goma sha bakwai ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti. Na ji ƙarar gwiwar daga bakin ƙofa, kamar an karya ɗanyen rake.

Mai zaɓar 'yan wasa ya zo a watan Afrilu kamar yadda aka ce. Yaya Mamman yana gefen fili da sanduna biyu, sun gaisa, shi ke nan. Sauran 'yan wasan ba su yi wa Baba tawaye ba, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Kullum suna zuwa kan lokaci. Abin da ya ce su yi, shi suke yi, daidai gwargwadonsa, ko taku ɗaya ba sa ƙarawa. Aka yi ta cin su wasa bayan wasa, kafin zafi ya wuce masu ƙungiyar suka yi wa Baba godiya suka sallame shi. Ya koma sakandarensa har ya yi ritaya. Agogon ya shiga aljihun tebur, ni ma ban sake tambayarsa ba. Ranar Asabar na koma ƙarƙashin teburina.

Kujerar hannun daman Baba ta zama wurin ajiye jaridu. Yaya Mamman bai yi fushi a fili ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Hajiyarsa da Mama sun ci gaba da aika wa juna miya. Ranar Idi yana zuwa har inda Baba yake, ya yi ƙoƙarin rusunawa da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ya gaishe shi da cikakken ladabi, ya tambayi lafiyar gida, ya wuce. Ni kuma ya ce, "Malama Ummi, ya karatu?" in ce lafiya lau ina kallon takalmina. Yanzu yana da wurin gyaran mota a hanyar Pleasant Garden, jaririyar nan har ta shiga jami'a. A masallaci kuwa, daga wurin mata ina hango shi a ƙarshen sahu, a jerin tsofaffin da ke salla a kan kujera. Ban taɓa ganin wannan kujerar ba tare da na tuna rigar aikinsa shimfiɗe a kan kwalta ba.

Duk kaka, idan aka ɗauko wani kocin kwaleji mai zafi aka ba shi ƙwararru, masu sharhi a talabijin suna ta gardama ko salonsa zai yi aiki. Nakan ji su ina wanke kwanuka. Abin da na gani da idona kaɗan ne, fili ɗaya ne, yamma ɗaya. Yaro ɗan sha bakwai ya ɗauka gobensa gaba ɗaya tana aljihun koci, don haka tsoro yana ƙara masa gudu. Magidanci kuwa ya zo fili ne da ciwon baya da tunanin yara da sallar da bai yi ba tukuna, kuma idan za ka sa shi ya sha wahala yana so ka dubi fuskarsa tukun. Tsoho bai taɓa horar da mai iyali ba. Bai bar wa Baba doka a kan wannan ba.

Yanzu aikina a laburare yake, ina tsara tsofaffin takardu, inda rashin ƙari da ragi yake da amfani. Filin nan an rushe matakalarsa, an yi gidajen haya a wurin. Yaran layinmu ba sa zane da alli, kuma ba mai kiran wani ta taga. Baba ya tsufa ya yi laushi, jikokinsa suna makara zuwa cin abinci yana yi musu dariya. Nakan so a ce wannan Baban ne ya tsaya a filin nan ranar.

A kakar bara na same shi a bayan gida yana yanke kuɓewar ƙarshe kafin sanyi ya kashe ta. Na riƙe masa kwano. Shekara ashirin da wani abu ina tsara maganar a raina, amma da ta zo fita sai ta fito a karkace. Na ce, "Baba, ranar da Yaya Mamman ya ji ciwo, ya riga ƙarfe huɗu zuwa. Salla ya tsaya yi a gefen motarsa. Na gan shi, na yi shiru. Da na faɗa, da ka ɗaga masa?"

Baba ya yanki kuɓewa ɗaya, ya juya ta, ya ga ta ƙosa, ya jefar.

"Tagar ofishina wurin ajiye motoci take kallo, Uwata," in ji shi. "Tun yana alwala nake ganinsa. Tsoro na ji kada su ce na ɗaga masa don ɗan gida ne, sai na tambaye ki don bakinki ya yanke hukuncin ba nawa ba. Ajiye wannan kayan, ba naki ba ne. Ke agogo aka ba ki, kin riƙe. Ni mutane aka ba ni."