Sallar Magariba a Bakin Teku

Tun da na dawo Daura ban sake cin kifi ba. Ko mai suyarsa na hango a tasha, sai in sauya hanya.

Bayan na gama sakandare ne yayana, mai kai raguna kudu, ya tafi da ni in taya yayarmu zaman jego. A hanya muka sauka wani garin masunta inda yake da ciniki. Da la'asar sakaliya ya ce in zo ya nuna mini teku, in samu labarin da zan ba Inna.

Rumfuna ne jere a kan yashi, kowace da janaretonta da kiɗanta. Baƙi sun cika benci, ana ta kai musu giya da bammi. Muka zauna can gefe wurin wata dattijuwa, ta gasa mana kifi da ayaba. Yaji ya sa ni hawaye, Yaya yana ta tsokanata wai 'yar fura ta zo birni.

Da rana ta faɗi ya tashi neman wurin salla. Ya ce ba zai kai goshinsa inda ake zubar da giya ba. Ya hango wani tudun yashi can gaba, fes, ruwa ya janye ya bar shi. Dattijuwar ta riƙo hannun rigarsa tana magana da Turancinsu na kasuwa. Ni na fassara masa: ta ce teku takan dawo da yamma, kuma ba a ba ta baya.

Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Auta, ko hadari babu. A ina kika taɓa ganin kogi ya kawo ba a yi ruwa ba?"

Ban taɓa gani ba. A wajenmu haka ne. Ya wuce ya hau tudun.

Alƙibla a can, sai ka juya wa teku baya. Ina kallonsa ya tayar da kabbara. Ruwan bai zo da hayaniya ba, ta bayan tudun ya zagayo ya raba shi da mu. Na yi ta kiransa, kiɗa ya danne muryata. Sai wata igiyar ruwa ta taso, ta fi shi tsawo.

Waɗanda suka faɗa ruwa nemansa, mutanen da ya ƙi yin salla kusa da su ne. Wani ko takalmi bai cire ba. Sai washegari masunta suka kawo shi, Hausawan garin suka yi masa sutura.

Da aka dawo da ni gida, Inna ba ta tambayi yadda teku take ba. Ta jira masu gaisuwa suka watse, sannan ta ce, "Ya idar da sallar?"

Na ce yana zaune yana tahiya na yi masa ganin ƙarshe. Ta gyaɗa kai, ta ja carbinta. Ni kuwa har yau, in na zauna tahiyar magariba, sai na ji kamar wani abu yana tahowa ta bayana.