Ranar da Na Kusa Aika Kunkurun Kawu Sale Kano

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Sale a birnin Guangzhou na China ya san tafinsa ba ya rabo da danshi. Latas ne! Aljihun dama waya da fasfo, na hagu ganyen latas da ya tsinto a bayan kasuwa, don shi bai ga dalilin sayen abin da mai kayan miya za ta zubar ba. Ka tambaye shi na mene ne, sai ya ce, "Na baƙina ne."

Baƙin nan kuwa kun san su. Shekarar da aka yi gasar Olamfik a China, da biza ta yi wuya, mutane suka yi ta tattarawa suna barin gari, wasu suka bar dabbobin da suke kiwo a ɗakunan haya. Kawu ya bi yana kwasowa: kififiya uku, hawainiya, wani ƙaton ƙadangare kore mai kama da damo, da kunkuru guda da ya tsinta a gefen bola. Shi ya raɗa wa suna Lauban, wato maigida da Sinanci, wai don ba ya aikin komai sai ci.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ke haɗa wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano kaya ina aika musu ta jirgi, kuma ɗakinmu ɗaya. Na ce, "Haba Kawu, gida ne wannan ko gidan zu?"

Ya ce, "Kai ma tsinto ka na yi, Habu, kuma ka fi su ci. Su kwana biyu za su yi, in na samo musu mai riƙo su tafi. Kai fa?"

Akwai ranar da wani Alhaji ɗan Maradi ya sauka a wajenmu, ya shiga makewayi zai yi alwala. Na zaci ihu za mu ji. Ina! Sai ga shi ya fito yana washe baki, ya ce, "Damo har China? A miƙo wuƙa, yau akwai farfesu!" Kawu ya tare ƙofa da hannu biyu. Ya ce, "Alhaji, kai baƙo, shi baƙo, kuma ya riga ka zuwa. In yanka za a yi, sai a fara da na baya."

Amma ranar da ba zan manta ba, laifina ne, ko da yake rowar Kawu ce ta jawo. Ya ƙi sayen keji, sai ya ɗauki kwalina guda, ya zuba rigunan da suka yi tabo, Lauban ya riƙa kutsawa ƙarƙashi yana barci. Na dawo daga kasuwar tufafi ta Shahe a gajiye, na ga kwali rabi da riguna, na cika shi, na naɗe da salatif, na rubuta sunan mai kaya. Mota ta kwashe kwali ashirin da uku zuwa siton da ke kusa da filin jirgin Baiyun.

Kawu ya dawo daga sallar azahar ya ce, "Ina kwalin da ke nan?"

Na ce, "Yana hanyar Kano."

Wallahi ban taɓa ganin dattijo ya sauko bene da gudu haka ba. A cikin tasi yana faɗa mini wani tsohon malamin makaranta ya yarda zai karɓi kunkurun jibi, ga shi na toshe shi ba iska, cikin wannan zafin. 

Muka tarar an ɗinke kayan cikin korayen buhuna, duk iri ɗaya, ƙarfe huɗu za a loda. Muka roƙa a bar mu mu farke, mai sito sai kaɗa hannu yake yana "meyo, meyo", wato babu. Kawu bai yi gardama ba. Ya haye kan kayan, ya harɗe ƙafa, ya ciro carbi. Ya ce mini, "Gaya masa ya auna da ni."

Mutumin ya gaji ya miƙo mana wuƙa. Muka yi ta farkewa, gumi har cikin ido. A na goma sha tara muka same shi, ya shige cikin ƙoƙonsa, ko motsi babu. Na ce shi ke nan, na kashe shi. Kawu ya durƙusa, ya zuba ruwan gora a tafinsa yana shafa masa. Can sai ga kai ya leƙo, a hankali, ya buɗe baki ya yi hamma. Har mai siton sai da ya tafa! Ni zama na yi daɓas a ƙasa ina alhamdulillahi, ban ma damu da kayan sun rasa jirgi ba.

Na jira faɗa, bai yi ba. Sai da muka hau mota ya ce, "Habu, da ya mutu a kwalin nan, ba wanda ya yar da shi Allah zai tambaya ba. Ni ne, tunda ni na ɗauka."

Allah Ya jiƙan Kawu Sale. Yadda bai bar abin da ba ya iya kuka ya mutu cikin ƙunci ba, Allah Ka yalwata masa kabarinsa. Amin.