Bawa Mai Ɗanɗanar Mai

Duk wanda ya taɓa kai wa Bawa gyara a Gusau ya san abin da yake fara yi. Sai ya kwance bakin sumon, wato injin nan da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, ya tsoma yatsa cikin man da ke ciki, ya kai harshe. Ya lumshe ido kamar mai ɗanɗanar miya. "Wanga mai ya sha ruwa," in ji shi. Shekara da shekaru shagona na walda yana jikin nasa, ban taɓa ganin harshen nan ya yi kuskure ba. Amma mahaukaci ake ce masa a gari, har da masu shan ruwa albarkacinsa.

Kwance injin ba ya ba shi wahala, wajen mayarwa rigimarsa take. Yana jera kayan a kan buhu yadda ya fiddo su. Sandar tsakiya ta fara shiga, sai boris, zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa, wanda ba ya bugawa da guduma sai da guntun katako, a hankali. Sai sil, robar nan mai hana ruwa shiga, sai mai, sai murfi. Noti kuwa ɗaya nan ɗaya can yake ɗaurewa, yana ƙunƙuni.

Wata rana wani Alhaji daga Damba ya zo a fusace. Gidansa cike da 'yan biki, ba ɗigon ruwa. Bawa ya ce sil ya mutu, sai an samo sabo gobe.

"Mayar da tsohon haka nan," in ji Alhaji.

"Ba ni maida shi."

"Kai, ka san ko ni wane ne?"

"Ni na sani, Alhaji. Ruwa ne bai sani ba."

Alhaji ya kwashi kayansa a daro ya kai wani wuri, aka haɗa masa nan take. Kwana huɗu injin ya ƙone ƙurmus. Kun san abin haushin? Ya bi gari yana cewa Bawa ne ya yi masa baki. Manyan gidajen Damba da dama daga nan suka daina kiransa.

Ni ma ban kuɓuta ba, ina da nawa laifin. Ya gama haɗa sumon wata makaranta a Bunguɗu, an ɗauka an tafi, sai na lallaɓa na ajiye wata 'yar washa, faifan ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti, daga shagona a kan buhun nan nasa. Wasa nake. Da ya gan ta sai fuskarsa ta canza. Nan take ya tare mota sai Bunguɗu. A can ya sa aka zaro injin daga ƙasa, bututu bayan bututu, cikin rana. Ya kwance shi kaf, bai ga inda washa ta ɓace ba, ya sake haɗawa. Da ya dawo na kasa riƙewa, na gaya masa.

Ya kalle ni. "Taka ce, Sanda?"

"Tawa ce. Ka yafe ni."

"To alhamdu lillahi. Tun Bunguɗu nike tunanin wa ad dabba, ni ko wani. Ashe an samu."

Wata guda bai sha shayi da ni ba.

Na ƙarshen ba na son faɗinsa, amma dole. Mutanen wani ƙauye bayan Tsafe suka kawo sumonsu. Rijiyar nan ita kaɗai ta rage musu, don mata sun daina zuwa rafi saboda 'yan bindiga. Ya gyara, ya ce shi zai je ya zura da hannunsa. Na ce masa hanyar ba ta biyuwa, ya ba su su tafi da shi.

"Su haɗa waya yadda sunka ga dama, ruwa ya shiga, a ce Bawa ne? Ina zuwa."

Ya je, ya zura, ruwa ya fito. A hanyar dawowa aka tare motarsu. Kwana arba'in da wani abu yana daji. Muka bi gidajen da ya yi wa aiki muna neman taimakon kuɗin fansa. Wasu suka ce ba sa nan, alhali muna jin muryarsu daga zaure. Wani ya ce ai taurin kansa ne ya kai shi. Matan ƙauyen nan ne suka sayar da awakinsu, aka biya.

Ya dawo kamar kara, ƙafafu a kumbure, tari ba ya barinsa. Na zauna gefen katifarsa na ce, "Bawa, sun dake ka?"

Ya yi tsaki. "Bar zancen duka. Suna da wani sumo da sunka sato, sunka ce in gyara. Sanda, da guduma sunka buɗe shi. Da guduma."

"Ka gyara?"

"Na ce musu ba sil."

Na yi dariya har hawaye, shi ko bai ga abin dariya ba. Bai cika mako uku ba ya rasu. Ranar sadakar uku, wani mai babbar riga ya gama addu'a, ya matso kusa da ni ya raɗa mini, wai ko Bawa ya bar wa wani sirrin aikin, don nasa injin ya tsaya. Na ce eh, ya bari, yana tare da shi a maƙabarta, ya je ya tambaye shi.

Allah, Bawa bai iya magana mai daɗi ba, amma bai taɓa rufe ha'inci a cikin ƙarfe ba. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi. Ni kuma Ka ba ni haƙurin zama kusa da rufaffen shago. Amin.